Fankar inci 56 da 'yan uwanta: wacce ta dace da wane ɗaki a gidajen Kaduna

Duk wanda ya shiga layin masu kayan wuta a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ko shagunan da ke jere a titin Ahmadu Bello, ya ce yana son fankar sama, abin da za a fara sauko masa da shi kwali ne mai lamba 56. Da wuya mai shago ya tambayi girman ɗakin. Abin da zai ce shi ne, "Alhaji, ɗauki wannan, ita kowa yake sawa." Kuma ba ƙarya ya yi ba, ita ta fi yawa a gidajen garin nan, daga Kawo har Kakuri. ORL, Ox, Century, Binatone, Qasa, kowannensu yana da tasa mai wannan girman. Fanka ce mai kyau, mun kuma yarda da ita, amma a ɗakin da ya dace da ita. A wani ɗakin ta yi yawa, a wani kuma guda ɗaya ba ta isa. Mafi yawan kukan da ake yi da ita, cewa ba ta ba da iska, ko tana rawa, ko tana bugu, ba daga injin yake ba. Daga awon da ba a yi ba ne kafin a biya kuɗi.

Lambar 56 faɗin da'irar da fukafukan suke zagayawa ce, daga wannan baki zuwa wancan, ba tsawon fiffike ɗaya ba. Ƙafa 4 ke nan da inci 8. A wasu kwalayen za ka ga an rubuta 1400mm, duk abu ɗaya ne. Mai bi mata ita ce 48, wato 1200mm, sai 42, sai 36. Sama da ita kuma akwai 60 da 62. Awo uku ake buƙata kafin a zaɓa, kuma tef ɗin tela ma zai yi in babu na magina: tsawon ɗaki, faɗinsa, da tazarar daɓe zuwa silin. Na ukun shi aka fi mantawa, shi kuma ya fi haɗari.

Ɗakin da magina suka fi fitarwa a nan shi ne ƙafa 12 a kan 12, kuma a cikinsa 56 ta zauna daram. In aka rataye ta a tsakiya, daga nan zuwa bango inci 72 ne, fiffike ya ci 28, saura 44 ta kowane gefe. Wannan sararin ba na banza ba ne, shi ne hanyar da iska take komawa sama. Fanka tana janyo iska daga samanta ta turo ƙasa, iskar ta bugi daɓe ta bazu, ta hau jikin bango ta koma inda ta fito. In aka matse wannan zagayen ta ko'ina, injin zai yi ta juyawa, mita tana cin yunit, amma abin da zai sauko jikin mutum kaɗan ne. Shi ya sa ake so a bar aƙalla inci 18 tsakanin bakin fiffike da bango, in da hali ƙafa 2. Jadawalin da ake bugawa a Amurka yakan ba irin wannan ɗaki inci 42 ko 44, amma wancan lissafi na gidajen da akasarinsu suna da na'urar sanyaya ɗaki ne, fanka taimako kawai take yi. A nan kuwa ita kaɗai ce tsakanin mutum da zafin Afrilu. Saboda haka daga 12 a kan 12 har zuwa 14 a kan 14, mu 56 muke cewa a saya.

Matsalarta tana farawa ne daga ɗakin ƙafa 10 a kan 10 zuwa ƙasa, irin ɗakunan haya na ciki da falo da ɗakunan yara. A takarda tana shiga: daga tsakiya zuwa bango inci 60, a cire 28, saura 32. Amma ɗaki ba fanko yake zama ba. A jingina sif mai zurfin ƙafa 2 wanda ya kusa taɓa silin, sai inci 32 ɗin nan su koma 8 ta wannan gefen. Daga nan ake jin wani bugu-bugu duk lokacin da fiffike ya gifta ta gaban sif ɗin, ga akwatunan da aka ɗora a kansa suna dab da fukafukai. Ranar da uwargida ta taka kujera za ta sauko da akwati fanka tana gudu, nan ake jin ciwo. Don haka ba daga bango ake awo ba, daga fuskar sif ake yi, a kuma matsar da ƙugiya tsakiyar filin da ya rage. Irin wannan ɗaki 48 ce tasa. Ta fi 56 saurin juyi, iskarta ta fi tattaruwa wuri ɗaya, kuma abin da ake so ke nan a ƙaramin ɗakin da gado ya cinye rabinsa. In faɗin ɗakin ƙafa 8 ne, a sauko zuwa 42 ko 36. Masu shago ba su cika tara waɗannan ba, wani lokaci sai an ɗan zagaya, amma suna nan, kuma neman su ya fi a sayi babba a zo a datse mata fukafukai. Wannan datsewar da wasu masu gyara suke yi da almakashin kwano ba mu yarda da ita ba ko kaɗan. Da wuya a yanka ukun daidai da juna, nauyinsu ya bambanta, fanka ta kama rawa, boris ya lalace tun lokacinsa bai yi ba.

A ɗaya ɓangaren akwai dogon falo, 12 a kan 20 ko 14 a kan 24, irin na sababbin gidajen Barnawa da Unguwar Rimi da Millennium City. Kuskuren da ake yi a nan shi ne a rataye guda ɗaya a tsakiya a ce ai babba ce. Iskar fankar sama tana sauka ne ƙarƙashinta kai tsaye, ta ɗan wuce bakin fukafukai, daga nan ƙarfinta ya ragu sosai. Kujeru kuwa a jikin bango ake jera su. Sai ya zama teburin tsakiya ne yake shan iska, baƙi suna zaune a gefe suna fifita da hula. Biyu ake sawa. A raba tsawon falon gida biyu, kowace ta zauna a tsakiyar rabinta. A falo mai ƙafa 20, ɗaya tana ƙafa 5 daga wannan bango, ɗaya ƙafa 5 daga wancan, tsakaninsu ƙafa 10. Kowace da tata ragileta, don in mutum biyu ne kawai a zaune a kunna wadda ke kansu. Biyu masu 48 ko 56 sun fi guda ɗaya mai 62 nesa ba kusa ba. Su manyan wurinsu ɗaki ne da ya kai ƙafa 15 ko 16 ta kowane gefe, ko babban zaure, ko masallacin unguwa mai dogon rufi.

Sai tsayin silin. Ƙa'idar da ba a sassautawa ita ce kada fukafukai su yi ƙasa da ƙafa 7 daga daɓe, inda suka fi aiki kuma tsakanin ƙafa 8 ne da 9. Ta sama ma suna son sarari, kamar inci 10 zuwa 12, don su sami iskar da za su janyo. Fanka da sandar da take zuwa da ita a kwali takan sauko wajen inci 15 zuwa 18 daga silin. In silin ƙafa 10 ne, fukafukai suna wajen 8 da rabi, lafiya lau. In 9 ne, suna wajen 7 da rabi, ya yi. In 8 ne, kamar a tsofaffin gidajen Tudun Wada da Unguwar Shanu waɗanda aka yi ta ƙara wa daɓe siminti da tayil shekara da shekaru, fukafukai sun sauko ƙafa 6 da rabi ko ɗan sama da haka. Dogon mutum ya ɗaga hannu zai zura babbar riga, ko uba ya cilla jariri sama yana masa wasa, ba a fatan abin da zai biyo baya. Gajeriyar sanda tana ɗan taimakawa, amma tana da iyaka, domin in fanka ta manne da silin ta shaƙe, gudu take yi ba iska. A irin wannan ɗaki mun fi son fankar bango mai inci 16 ko 18, a kafa ta sama da kan mutum ta kalli gado, ko ƙaramar nan mai keji da ake mannawa a silin tana juya kai, wadda ake kira obit. Haka ma ɗakin yara mai gado hawa biyu, ko silin ɗin ya kai ƙafa 10, fankar sama marar keji ba ta da wuri a cikinsa.

In rufin ya yi tsawo, ƙafa 12 zuwa sama, a ƙara tsawon sanda har fukafukai su sauko ƙafa 8 ko 9. A nemi fayif mai kauri guda ɗaya a huda masa ramuka daidai da na asali. Kada a yarda a haɗa guntaye biyu da walda, ko a yi amfani da siririn fayif ɗin wayarin.

Silin POP ya zo da nasa. Yana cinye tsayin ɗaki, don haka awon da aka yi kafin a ɗaura shi ya tashi daga aiki. Masu yin sa suna son fitar da rami mai ado a tsakiya, in kuma fukafukai suka faɗa cikin ramin, gefensa ya zama musu bango. Dole sanda ta sauko da su ƙasa da leɓen ramin. Ƙananan ƙwayayen wutar da ake binnewa a silin, in suka dace da saman fukafukai, ɗakin zai riƙa walƙiya duk dare har kai ya yi ciwo, saboda haka a nisanta su daga da'irar fanka. Babban abin shi ne POP ba ya ɗaukar nauyi. Fankar sama ta kai kilo 5 zuwa 8, ga jijjiga awa da awanni. Ƙugiya rodi ce, mai milimita 10 ko 12, wadda aka binne cikin kankare lokacin zuba dekin, ko aka ɗaure da noti a jikin katako mai ƙwari da aka gitta tsakanin katakan rufi biyu. Ana yin wannan kafin mai POP ya zo. Ƙusa da aka lanƙwasa ko wayar ɗaurin rodi ba ƙugiya ba ce. A wurin ratayewa a tabbatar robar nan baƙa mai kama da taya tana kan ƙugiya, ita take shanye jijjiga. Kowane noti na sanda kuma akwai siririn fin da ake zurawa a bakinsa a buɗe ƙafafunsa don kada ya warware. Wasu masu wayarin suna barin fin ɗin a leda don sauri. Maigida ya tsaya ya ga an sa shi da idonsa.

Girma ɗaya ba ya nufin inganci ɗaya. Fanka biyu masu 56 za su iya zama a shago ɗaya, kuɗin wannan ya kusa ninka na waccan, kuma bambancin yana cikin injin. Waya iri biyu ake naɗa koyil da ita, jan ƙarfe da alminiyam. In kaurinsu ɗaya, alminiyam ya fi tauye wuta da kusan kashi 60 cikin 100, don haka ya fi saurin ɗaukar zafi, mahaɗarsa kuma ba ta kama dalma da kyau. A unguwar da wuta take zuwa ba ƙarfi, mai alminiyam ce take fara ƙonewa. Da ido ba a gane ta, domin an shafe wayar da fenti mai launin jan ƙarfe, sai an kankare bakinta a ga fari. Abin da mai saye zai iya yi a shago shi ne ya ɗaga injina biyu, ɗaya a kowane hannu. Mai nauyin yawanci ita ce mai jan ƙarfe da wadataccen ƙarfen ciki. Ya kuma lanƙwasa fiffike kaɗan da yatsa, in ya bi hannu kamar murfin gwangwani, ba zai riƙe karkatarsa ba. Wata dabarar da ta fi duk waɗannan ita ce a fara biyawa wajen masu riwaya, wato masu sake naɗa wayar inji, a Panteka ko na bakin titin unguwa, a tambaye su wace iri aka fi kawo musu a ƙone a bana. Su suke buɗe cikinta kullum, kuma ba su da kwalin da suke son sayarwa. Jabu ma yana yawo da sunan manyan kamfanoni, don haka a duba ko sunan a jikin ƙarfen injin yake ko takarda ce kawai aka liƙa, a kuma nemi katin garanti a cikin kwali.

Abin da ya fi mutuwa a fankar sama shi ne kafasita, ɗan baƙin akwati ko farin gwangwani da ke saman injin. Alamarsa a bayyane take: gudu ya ragu ko an kai ragileta lamba 5, ko kuma ta tsaya tana gurnani sai an tura ta da sanda sannan ta tashi. Mutane da yawa suna sauke fanka lafiyayya su sayi sabuwa a kan wannan, alhali gyaran bai kai na kuɗin cefanen yini ba. Masu 48 da 56 galibi 2.5µF suke ɗauka, wasu manyan 3.5µF. A karanta lambar da ke jikin tsohon a sayi irinsa. Akwai masu gyaran da za su ce, "Maigida, bari in sa maka babba ta ƙara gudu." Za ta ƙara gudun, amma koyil zai riƙa zafi fiye da ƙima, wata rana a ji ƙauri. In kuwa ƙara ce irin ta niƙa, boris ne ya bushe. Guda biyu ne a ciki, lambobinsu galibi 6201, 6202 ko 6203, kuma canza su ya fi a yi ta ɗura musu mai.

Ragileta ma tana da hannu. Tsohuwar nan mai babban akwati tana rage gudu ne ta hanyar mayar da ragowar wutar zafi, shi ya sa bangon da ke samanta yake baƙi. Siririya mai murɗawa ba lamba, wadda ake haɗawa a jikin makunni, tana sa injin kuka a ƙaramin gudu, da dare kuwa kukan yana hana barci. Wadda muka fi so ita ce mai lamba 1 zuwa 5 mai ƙananan kafasita a ciki: ba zafi, ba kuka.

Batun cin wuta ya zama babba tunda mita mai kati da sola suka yawaita. Fankar 56 ta gargajiya tana cin wat 60 zuwa 80. A ɗauka 75 ce, tana aiki awa 10 kullum, a wata ta ci yunit 22 da rabi. Sabuwar nan da ake rubuta wa BLDC, mai rimot, tana cin wajen wat 30 a cikakken gudu, yunit 9 ke nan a wata. A kan inbata bambancin ya fi fitowa. Batir mai volt 12 da 200Ah, in ana son ya yi ƙarko ba a shan fiye da rabinsa, bayan asarar inbata abin da ya rage bai wuce wat 1000 na awa ɗaya ba. Fanka uku na gargajiya za su shanye shi cikin awa 4 da rabi, wato kafin asuba an tashi cikin gumi. Uku masu BLDC za su kai awa 11. Kuma ba su cika rage gudu ba in wuta ta yi rauni. Aibinsu shi ne tsada, da kuma fanel ɗin da ke cikinsu, wato ɗan allon lantarkin da ke sarrafa injin, wanda tsawar damina ko wutar da ta dawo da ƙarfi take iya ƙonawa, ba kuma kowane mai gyara ne yake iya taɓa shi ba. Kafin a biya a tambayi mai shago ko yana sayar da fanel ɗin daban. Ba a kuma haɗa su da ragileta, kai tsaye ake ba su wuta. Ga mai sola ko inbata sun cancanci kuɗinsu. Ga wanda wutar gari kawai yake dogaro da ita kuma yake son abin da kowane mai riwaya zai gyara, ta gargajiya mai jan ƙarfe ba ta da laifi. Wanda fankarsa take kuka a kan inbata amma ba ta yi a wutar gari, inbatar ce ba ta fitar da wuta mai santsi, ba fankar ba.

Fanka mai ado, mai fitilu da fukafukan roba da suke naɗewa ciki, ado ce. Ta yi kyau a falon da ke da na'urar sanyaya ɗaki. Wanda ya saye ta don ta fitar da shi bazara zai dawo kasuwa.

Fankar tsaye tana da aikin da ta sama ba ta iya yi, kuma babbansa shi ne gidan sauro. Ragar tana tare kaso mai yawa na iskar da ke saukowa daga sama, shi ya sa mutane suke yaye ta tsakar dare, sauro ya samu shiga. Fankar tsaye mai inci 16 a gefen gado, tazarar taku biyu, kanta daidai da tsayin katifa, tana tura iska ta ratsa ragar. Inci 16 tana cin wajen wat 50, ta ishi ɗakin kwana. Inci 18 ta falo ce. Manyan nan na ƙarfe masu inci 20 da 26 suna da iska ƙwarai, amma ƙararsu ba ta barin hira, cin wutarsu kuma ya ninka na fankar sama. Wurinsu shago ne, ko rumfar biki, ko zaure. Wani amfanin fankar tsaye shi ne da dare, bayan waje ya huce amma bangon ɗaki yana fitar da zafin da ya sha da rana. A ajiye ta a bakin taga bayanta yana kallon waje, a buɗe ƙofa ko tagar da ke ɗaya gefen, ta janyo sanyin waje ta kori na ciki. Fankar sama ba ta wannan, iskar da ta tarar a ɗaki ita take juyawa. Injin fankar tsaye galibi bushin ne da shi ba boris ba, yana son ɗigo biyu ko uku na man keken ɗinki gaba da baya in an ga farfela ta fara nauyin juyawa. Man gyaɗa ko manja daskarewa suke yi su riƙe ta. Kuma kada a murɗa kanta da ƙarfi alhali an danna maɓallin juyawa, haƙoran da ke ciki na roba ne, nan take suke karyewa.

Mai caji kuma, abin dubawa ba faɗin farfela ba ne kawai, batir ne. Mai volt 12 da 4.5Ah yana riƙe wat 54 na awa ɗaya, mai 7Ah kuma 84. Fanka mai cin wat 25 a cikakken gudu ba za ta wuce awa 2 da minti 10 da na farko ba, awa 3 da 'yan mintuna da na biyun. Dogayen awannin da ake rubutawa a kwali na ƙaramin gudu ne. Inci 18 da ƙaramin batir ta fi inci 16 saurin mutuwa, saboda haka in batirinsu ɗaya ne, 16 ta fi kai mutum asuba. Batirin dalma yana lalacewa in aka shanye shi tas aka bar shi kwanaki, kuma haka ake kashe yawancinsu: hunturu ya shigo a jefa fanka bayan sif ba caji, Maris ya zo a ciro ta ta ƙi tashi. A riƙa yi mata caji ko sau ɗaya a wata ko ba a amfani da ita. Masu batirin litiyam sun fi sauƙin nauyi da ƙarko, sun kuma fi tsada.

A kicin kada a sa fankar sama. Tana kaɗa harshen wutar gas, hayaƙin mai kuma yana haɗuwa da ƙura ya zama danƙo a jikin injin. Abin da kicin yake so fankar zuƙe hayaƙi ce a saman bango kusa da murhu, inci 8 ga ƙarami, 10 ko 12 ga babba, da wata kafa a ɗaya gefen da sabuwar iska za ta shigo.

Ƙurar hunturu tana taruwa a saman fukafukai da bakinsu na gaba, ba kuma daidai take taruwa ba, sai iska ta ragu fanka ta soma lilo. Kafin zafi ya kankama, wajen ƙarshen Fabrairu, a kashe wuta a goge su da tsumma mai ɗan laima, hannu ɗaya yana tallafe da fiffike daga ƙasa don kada ya lanƙwashe. In an goge tana rawa har yanzu, a fara ƙara ɗaure sukurorin fukafukai. In bai yi ba, a tsaya wuri ɗaya a auna daga silin zuwa bakin fiffike, a juyo na biyu wurin a auna, a juyo na uku. Wanda ya bambanta da sauran shi ne mai laifin. Fukafukan kwali ɗaya an daidaita nauyinsu tun daga masana'anta, saboda haka in ana ɗaura fanka uku a gida rana ɗaya, kada yaron mai wayarin ya zube su wuri ɗaya ya gauraya.

Akwai kuma iyakar da kowace fanka ba ta wucewa, kuma ya kamata a faɗe ta saboda lafiya. Fanka ba ta rage zafin ɗaki, gumin jiki take busarwa, mutum ya ji kamar an rage digiri 2 ko 3. Barin ta tana gudu a ɗakin da ba kowa asarar yunit ce. Zafin fatar mutum wajen digiri 35 ne. In iskar ɗaki ta haura haka, kamar yadda ake samu da azahar a ɗakin kwano marar silin a Maris da Afrilu, fankar sama zafin kwanon take turowa ƙasa, gumi yana bushewa da sauri, ruwan jiki yana ƙarewa mutum bai ankara ba. Tsofaffi da jarirai da masu azumi su suka fi shan wahalar wannan. A irin wannan lokaci a jiƙa tawul ko zani a yafa, a sa fankar tsaye ƙasa-ƙasa ta riƙa bugun jiƙaƙƙen, wanda ba ya azumi ya yawaita shan ruwa. Mai irin wannan ɗaki, kuɗin da zai ƙara don sayen babbar fanka gara ya tara su ya sa silin, ko na PVC ne.

Ranar saye a tafi da awon nan uku a rubuce. A sa mai shago ya buɗe kwali ya jona injin a gabanka. Ya tashi da kansa ba tare da an tura shi ba, kuma in ka kara kunne kada ka ji ƙarar niƙa. A ɗora fukafukan uku a kan juna a ga sun kwanta daidai ba wanda ya ɗaga baki. A ƙirga abin da ke cikin leda: sukurori, wosha, robar ƙugiya, fin. A rasit kuma a sa ya rubuta sunan kamfani, girman fankar da ranar saye, ya buga hatimin shago a katin garanti, domin da yawansu ba sa karɓar kati marar hatimi in an dawo da kaya.